Kafin Ka Gyara Turancin Yaro, Fara Tabbatar da Ya Iya Karatu

Malamin da ke son Turancin ɗalibansa ya gyaru, shawarata ta farko gare shi ita ce ya ajiye Turancin gefe na mako guda, ya bincika ko yaran sun iya karatu ma tukuna. Na koyar a firamare, na koyar a ƙaramar sakandare, kuma abin da na tarar a wuraren biyu ɗaya ne. Yawancin yaran da muke cewa ba sa jin Turanci, ko takardar Hausa ka miƙa musu ba za su iya fitar da ita ba. Ba su san yadda baƙi ke haɗuwa da wasali ya ba da gaɓa ba, balle gaɓa ta haɗu da 'yar'uwarta ta zama kalma. Yaron da bai samu wannan a harshen da yake mafarki da shi ba, ta ina zai same shi a harshen da bai taɓa ji a gidansu ba?

Abin da ke rufe mana ido shi ne amshi. Malam ya rubuta jimla a allo, ya nuna da sanda, ya faɗa, aji ya ɗauka gaba ɗaya har maƙwabta su ji. Mai wucewa ta bayan taga zai ce karatu ake sha. Alhali yara biyar ne na bencin gaba ke kallon rubutun, sauran bakin na gabansu suke bi. A haka yaro zai tashi daga aji ɗaya har aji shida, littafinsa cike da rubutun da ya kwafa da kyau, amma bai san abin da ya rubuta ba. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin samu ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Duk wanda ya taɓa zama da yaran ajinsa ɗaya bayan ɗaya ba zai yi mamakin wannan adadi ba.

Gwajin farko

Ka samu takarda ɗaya ka raba ta gida huɗu. A gida na farko ka rubuta haruffa goma a warwatse, ba a jeren abacada ba, don kada hadda ta yi aiki. A na biyu kalmomi goma masu gaɓa biyu, irin su rana, kifi, tulu, ƙofa, ɗaki. A na uku gajerun jimloli huɗu. A na huɗu ɗan labari mai layi takwas zuwa goma, da tambayoyi biyu a ƙasansa. Ka yi irin wannan da Turanci a bayan takardar.

Sai ka riƙa kiran yaran ɗai-ɗai. Ka zaunar da yaro kusa da kai a benci, ba tsaye a gaban aji ba, kuma bulala ta yi nesa da wurin. Ka fara masa da jimlolin. In ya wuce su ba gargada, ka kai shi labari. In ya cije, ka sauko da shi kalmomi, in nan ma ya kasa ka sauko haruffa. Minti uku zuwa biyar sun isa yaro ɗaya. A ƙarshe kowane suna a rajista zai samu matsayi ɗaya cikin biyar: wanda bai san harafi ba, mai harafi, mai kalma, mai jimla, mai labari. Ko ajinka mutum ɗari ne, in ka raba aikin a kan lokutan tara da darussan da babu malami, mako guda zai ishe ka. Kada ka sanar da sakamakon a bainar aji, naka ne kai da hedimasta.

Daga nan sai matakin da shugabannin makarantu da yawa ke ja da baya a kansa, wato a rushe azuzuwa na awa ɗaya kullum. 'Yan aji huɗu da biyar da shida a haɗe su, a sake raba su bisa matsayin da gwajin ya nuna. Malami ɗaya ya ɗauki waɗanda ba su san harafi ba da masu harafi, wani ya ɗauki masu kalma, wani masu jimla da labari. In awar ta ƙare kowa ya koma ajinsa. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yi suna da wannan tsari na koyar da yaro daga inda yake, kuma an gwada shi a jihar Kano daga 2019, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, ƙarƙashin shirin koyar da karatu da lissafi mai suna KaLMA. Amma ni a ganina malaman tsangaya sun riga kowa gane shi. Ba a ba yaro farfaru sai ya ƙware a babbaƙu, ba a kuma ce ya wanke allonsa sai ya biya shi kaɗai a gaban malam, ko da sa'o'insa sun yi masa nisa. Mu ne a boko muka ɗauka shekarar haihuwa ce ke karatu.

Baƙi da wasali, da Hausa

Kada ka fara da waƙar ABCD. Na san iyaye na jin daɗinta, amma ka duba ɓarnar da take yi. Harafin da waƙar ke kira “i” shi ne e, wanda take kira “ai” shi ne i, wanda take kira “e” kuma shi ne a. Yaro ya haddace waɗannan sunaye, ka rubuta masa “kifi”, yaya zai yi da shi? Sunan harafi ba ya haɗa kalma, sautinsa ne ke haɗawa. Don haka ka koyar da sauti: wannan “mmm” yake cewa, wannan “nnn”, wannan “a”.

Ba dole ba ne kuma ka bi jeren abacada. Ka fara da haruffan da za su ba ka kalmomi da wuri. Da a, n, k, m kaɗai yaro zai karanta nan, kan, mama, kaka, nama, kama, har da kankana. Zai karanta “Kaka na nan.” A mako na biyu ke nan, yaron da aka yi shekara uku ana cewa ba ya ja ya karanta jimla da kansa, ba wanda ya faɗa masa. Ka lura da fuskarsa a wannan lokacin, za ka ga ya sake kallon takardar, ya sake karantawa a hankali don ya tabbatar shi ne ya yi. Daga nan ba sai ka kore shi zuwa darasin ba. Sai ka ƙara i, ka samu Amina da kai da kiki-kaka na wasa, ka ƙara s da r da u, a haka har ka kai ga masu ƙugiya da tagwaye irin su sh, ts, ky, gw. Masu ƙugiyar nan kada ka yi musu sakaci. Ka jera baki da baƙi, kafa da ƙafa, daka da ɗaka, yaran su faɗa maka bambancin da kansu.

Kayan aiki ba sa buƙatar kuɗin gwamnati. Ka roƙi mai shago kwalayen taliya ko na sabulu da ya gama da su, ka yayyanka su kamar girman tafin hannu, ka rubuta harafi ɗaya ko gaɓa ɗaya a kowanne da maka. Kowane benci ya samu nasa a ƙulle cikin leda. Ka ce “ku haɗa mini nama”, hannuwa su shiga aiki, kai kuma kana zagayawa kana ganin wanda ya juya gaɓoɓin ya haɗa “mana”. Inda babu benci, a fita tsakar makaranta a rubuta a ƙasa da tsinke.

Ga yadda nake kasa awar. Minti goma na farko ni ke karanta musu labari da murya mai daɗi, littafin a buɗe suna ganin yatsana na bin layi. Minti goma sha biyar sabon sauti da bitar na jiya. Wasu goma sha biyar haɗa gaɓoɓi da kwali. Minti goma kowa ya karanta wa na kusa da shi, bibbiyu. Goman ƙarshe shifta: kalma biyar da jimla ɗaya, allo a goge, ba abin kwafa. Shiftar nan ita ce ba na yarda a tsallake ko da an buga ƙararrawa, domin ita ke nuna maka gaskiyar abin da ya zauna.

Wasu iyaye za su zo su ce sun kawo ɗansu ya koyi Turanci ne, Hausa ai ya iya tun daga gida. Ka karɓe su da mutunci, damuwarsu tana kan hanya. Ka ba su labarin gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma yana matsayin darasi guda a hannun malamin da ya ƙware. Yaran ba su koma baya a Turanci ba idan aka gwada su da waɗanda aka koyar da Turanci, a fannoni da dama ma sun fi su. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara da harshen gida a shekarun farko na firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a kai shi shekara shida, a 2025 kuma ta soke wannan tsari, ta ce a koma koyarwa da Turanci. Ko wacce ce ke aiki a takarda, darasin Hausa yana nan a jadawali, kuma ba mai hana ka koya wa yaro karatu a cikinsa.

Turanci ya fara shiga ta kunne

Duk wannan ba ya nufin a jinkirta Turanci. Tun daga aji ɗaya a ba shi minti goma sha biyar kullum, amma na baki da jiki, ba na allo ba. Ka ce *stand up* ka miƙe, su miƙe. *Touch your ear*, *open the door*, *bring the chalk*. Kada ka fassara, ka aikata kawai. Bayan kwana biyu ka daina aikatawa, ka faɗa da baki ka ga wa zai motsa. Sai ka kira yaro ya zama shi ne mai ba da umarnin. Ka shigo da kofi da cokali da hula, ka ɗora kofin a kan tebur, ka sa shi ƙarƙashi, ka tambaya *where is the cup?* Yaron da ya tara kalmomi ɗari biyu ko uku a kunnensa ta wannan hanya, ranar da ya karanta *cup* a takarda zai san kofi ake nufi. Wanda bai tara ba zai furta kalmar daidai, kansa kuma fayau.

Tsallakawa zuwa karatun Turanci

Da zarar yaro ya kai matsayin mai jimla a Hausa, ya shirya. Ka fara da yi masa albishir cewa rabin aikin ya riga ya yi, domin b, d, h, k, l, m, n, s, t, w, z da sh kusan yadda ya san su haka suke a Turanci. Sauran ne za a zauna a kansu, kuma a nan nake so malami ya rage sauri. Turanci yana da sautuka wajen 44 amma haruffansa 26 ne, shi ya sa harafi ɗaya ke yin aiki biyu ko uku, saɓanin Hausa da kusan abin da ka gani shi za ka faɗa.

Tarkon farko shi ne c. Yaro ya san shi a “ciki” da “cokali”, sai ga *cat* da *city*. Ka gaya masa kai tsaye cewa wannan harafi ya sauya aiki, sautin da ya sani kuma yanzu *ch* ake rubuta shi. Na biyu p da f, wanda ya zame mana abin tsokana a wurin 'yan Kudu. Maganinsa guntun takarda. Yaro ya riƙe ta a gaban leɓensa, ya rufe leɓe ya saki iska da ƙarfi ya ce *pan*, takardar ta yi tsalle. Sai ya ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ya ce *fan*, iska ta fita a hankali. A yi ta da *pull* da *full*, *pin* da *fin*, su yi dariya, su sake. Haka v da b a *vest* da *best*. Ga *th* kuma, harshe ya leƙo tsakanin haƙora. Yaran da ke zuwa Islamiyya sun riga sun san wannan furuci daga tajwidi, ka tuna musu kawai.

Na uku baƙaƙe biyu ko uku a jere ba wasali a tsakani. Bakin Bahaushe ya saba cusa wasali, shi ya sa muka samu burodi da sukurudireba, kuma shi ya sa yaro ke cewa “sitof” maimakon *stop*. Ka sa shi ya ja “sss” kamar maciji, ya riƙe, sannan ya faɗa kan *top*. Dogon wasali da gajere kuwa ba baƙon abu ba ne gare shi. Wanda ya san bambancin garin Zariya da garin tuwo zai ji bambancin *ship* da *sheep* in aka nuna masa. Akwai kuma kalmomin da ba sa bin ƙa'ida, irin su *the*, *said*, *one*, *was*, *you*. Waɗannan a rubuta su a kwali a manna a bango, uku a mako, a haddace surarsu.

Littattafai fa? Na shiga makarantu na ga kwalayen littattafai a ofis ba a ko yage ledarsu ba, wai ana tsoron kada yara su lalata. Littafin da ya yage a hannun yaro ya biya kuɗinsa. A jihohin Sakkwato da Bauchi an raba littattafan Mu Karanta, a Katsina da Zamfara an yi shirin koyar da karatu mai suna RANA da nasa littattafan, in akwai ragowarsu a makarantarku a fito da su. In babu komai, shafin African Storybook a intanet yana da gajerun labarai kyauta da Hausa da Turanci, ana iya saukewa a waya a kwafa a babban kwali. Hanya mafi araha ita ce yara su ba ka labari da bakinsu, na ranar kasuwa ko na akuyar da ta shiga aji, kai kana rubutawa a allo, sannan su karanta abin da suka faɗa. Gobe a mayar da jimla uku daga ciki zuwa Turanci.

A sakandare

Malamin ƙaramar sakandare ya yi gwajin nan a makon farko na aji ɗaya, kada ya ɗauka firamare ta gama aikinta. Waɗanda ya samu a ƙasa ya ware musu lokaci, amma da hikima. Saurayi ɗan shekara goma sha huɗu zai gwammace a ce masa mai taurin kai da a gane bai iya karatu ba. Kada ka ba shi littafin 'yan aji ɗaya mai hoton kyanwa. Ka koya masa sautukan nan dai da sunayen 'yan ƙwallo, da rubutun jikin kwalin magani, da saƙon waya.

Darasin auna fahimta shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. An saba malam ya ce a buɗe shafi kaza, yaro ɗaya mai ƙoƙari ya karanta, a amsa tambayoyi ta hanyar farautar jimlar da ta yi kama da tambayar. Ka gwada wannan maimakon haka. Kafin a buɗe littafi, ku yi hirar minti biyar a kan batun, da Hausa ma in ta kama. Ka zaɓi kalmomi biyar ko shida da in ba a san su ba labarin ba zai fito ba, ka koyar da su a cikin jimla. Ka karanta musu da kanka sau ɗaya. Su karanta a zuci. Su karanta wa juna bibbiyu. Sannan a rufe littafi, ka ce wani ya ba mu labarin da Hausa. A nan za ka san ko an fahimta. In an fahimta, sai a sake faɗinsa da Turanci a jimla uku, ka ga an fara koyon taƙaitawa ba tare da an kira sunanta ba, ita ce kuwa ke kayar da ɗalibai da yawa a WAEC da NECO.

Insha'i ma daga jimla ake fara shi. WAEC na neman rubutu mai kalmomi wajen 450, wasiƙa ko jawabi ko labari ko maƙala, kuma ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. Yaron da bai taɓa rubuta jimla biyar daga kansa ba, in ka jira sai ajin ƙarshe, satar amsa kawai ka bar masa. Daga aji ɗaya ya riƙa rubuta jimla biyar kullum a kan abin da ya sani: yadda ake dama fura, hanyar gidansu zuwa makaranta, abin da ya faru jiya da yamma. Wajen dubawa kada ka cika shafin da jan biro. Wannan makon kuskure iri ɗaya kake nema, misali *-ed* na abin da ya wuce, mako mai zuwa *a* da *the*. Da haka ne malami mai ɗalibai ɗari zai iya duba littattafai, yaro kuma ya san abin da zai gyara. In ka ga ya rubuta *I am not hearing English* ko *I drank medicine*, ka san Hausa ce ya ɗauko ya sa mata rigar Turanci. Ka rubuta jimlar Hausar da ta Turancin daidai, gefe da gefe a allo, aji ya ga inda harsunan biyu suka rabu.

Ina roƙon shugabannin makarantu su daina cin tarar yara ko sa su tsallen kwaɗo don sun yi Hausa. Abin da hakan ke haifarwa shi ne yara su yi gum, wanda ya yi gum kuwa ba ya koyon kowane harshe. A ware lokutan da kowa ya san na Turanci ne, a yi muhawara da ɗan wasan kwaikwayo da karanta labarai a taron safe, kuma a hana yi wa mai kuskure dariya, har da malamai.

Mu kanmu malamai da yawa a irin ajin amshin nan muka taso, ba abin kunya ba ne mutum ya ci gaba da gyara nasa Turancin. Ka karanta darasin gobe tun da dare. Ƙamus na waya yana furta kalma, ka saurara kafin ka kai ta aji. Malaman makaranta ɗaya su zauna rabin awa a mako, ɗaya ya koyar da darasin da zai yi, sauran su zama ɗalibai. Malamin kimiyya da na zamantakewa su shigo, domin littattafansu da Turanci suke, kuma kalma biyar da kowannensu zai tsaya ya koyar kafin darasi ta fi dogon rubutun da ake cika allo da shi. A gida kuma, uwar da ba ta yi boko ba tana iya cewa “zo ka karanta mini” tana tankaɗe, ta tambaye shi me labarin ya ce. A faɗa wa iyaye wannan a taronsu da malamai.

Bayan mako shida ka sake gwajin, da sabuwar takarda mai nauyi ɗaya da ta farko. Wanda ya haura ka matsar da shi rukuni na gaba a ranar. Wanda bai motsa ba, kafin ka yanke masa hukunci ka dawo da shi bencin gaba ka ga ko allon ne ba ya gani, ka yi masa magana daga bayansa ka ji ko kunne ne, in ka ga alama ka gaya wa iyayensa su kai shi asibiti. Sannan ka buɗe rajista. Sau da yawa za ka tarar ba ya zuwa ranar kasuwa, ko damina ta ɗauke shi zuwa gona, ko yarinya ce da sai ta kai talla ta dawo. In masu makara sun yi yawa, ku ɗage awar karatun daga darasin farko zuwa bayan tara, lokacin da aji ya fi cika.